"Ruwa ba ya tsami banza": zargi ne ko neman dalili?

Ɗan Marina: Salamu alaikum jama'a. Jiya a Tsohuwar Kasuwa wasu abokan ciniki biyu suka yi sa-in-sa har sai da aka shiga tsakani. Kayansu sun makara mako uku daga Legas, dillalin ya ce wai hazo ne ya sauko a teku farat ɗaya, rana tsaka, jirgi ya kasa shiga tasha. Babban cikinsu, wani Alhaji, ya kaɗa kai ya ce ruwa ba ya tsami banza. Ƙaramin ya ɗauka da shi ake, wai ana nufin da haɗin bakinsa. To malamai, wannan magana zargi ce, ko kuwa cewa ake komai da sanadinsa?

Malam na Gidan Igwai: Wa alaikumus salam. Sanadi ake nufi. Allah bai yin abu sai da sababi, shi ke nan. Wanda ya ji zargi a ciki, to shi ya san abin da ya taka.

Bagobiri: Allah shi gafarta Malam, ka taɓa jin an yi wannan karin maganar a wurin suna ko ɗaurin aure? Kullum sai abu ya lalace ake jawo ta. Ba a cewa ruwa ba ya zaƙi banza.

Injiniya na Mabera: Kafin a yi wa dillali hukunci a raba hazon gida biyu, don mu nan Sakkwato sunan ɗaya muke ba su. Namu na hunturu ƙura ce busasshiya, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso ta, ita ce ke fasa leɓe ta hana jirgin sama sauka. Na teku ruwa ne, gajimare ne da ya kwanta ƙasa, yana jiƙa riga. Masu duba yanayi ba su ba shi wannan suna sai idan ido ya kasa kai kilomita 1.

Yadda yake haɗuwa kuwa lissafi ne. Iska mai zafin digiri 25 tana iya riƙe tururin ruwa kamar giram 23 a kowane wuri mai mita ɗaya-ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi. In ta huce zuwa digiri 15, giram 13 kawai za ta iya riƙewa. Ragowar dole ya fito. Abin da kuke gani ke nan a jikin gorar ruwan sanyi da aka fito da ita daga firji cikin watan Agusta. To a teku, iska mai ɗumi da danshi ce ke bi ta kan ruwa mai sanyi, ƙasanta ya huce, tururin ya koma ƙananan ɗigo. Ga kuma ƙwayoyin gishiri da igiyar ruwa ke watsawa cikin iska, su ne ɗigon ke kamawa ya taru a kai, shi ya sa na teku yake saurin haɗuwa kuma yake da kauri.

Ɗan Marina: Injiniya, to farat ɗayan fa? Nan ne Alhajin ya ce an raina masa hankali.

Injiniya na Mabera: Farat ɗayan gaskiya ne a inda ake irinsa. Hazon ya riga ya haɗu can cikin teku, yana tsaye kamar bango. Rana na dukan tudu sai ƙasa ta fi ruwa zafi, iskar kan tudu ta tashi sama, ta teku ta taho ta maye gurbinta, ta turo bangon. In yana nisan kilomita 10, iska na tafiyar kilomita 20 a awa, rabin awa ya rufe tasha. Kuma sai iskar ta zama matsakaiciya. In ta kwanta sarai ba abin da zai kawo shi, in ta yi ƙarfi sai ta ɗaga shi sama ya zama gajimare.

Amma ku lura da inda ake yin sa: inda ruwan sanyi ke bin gaɓa. Namibiya, saboda ruwan Bengela mai tasowa daga kudu, har ana kiran wani yankin gaɓarsu gaɓar ƙwarangwal don yawan jiragen da suka halaka. Gaɓar Moroko da Muritaniya saboda ruwan Kanari. Gabashin Kanada, inda ruwan sanyin Labrado ke haɗuwa da na ɗumi daga kudu, can akan yi kwana wajen 200 a shekara cikin hazo. Ruwan Legas kuwa ɗumi gare shi, kusan duk shekara yana kusa da digiri 27 zuwa 29, sai wajen Agusta yake ɗan sauka. Hazon ruwan da suka sani na asuba ne, Disamba da Janairu, kuma hantsi na yi ya watse. Ƙurarmu ma takan kai musu a watannin nan, ita takan yi kwanaki. Saboda haka a tambayi dillali wane wata, ƙarfe nawa. Hazo na cin awoyi, da wuya ya ci mako uku.

Bagobiri: Kun ji ko? Dama taubasaina Yarbawa ba su da hazon kansu, sai mun aika musu.

Hajiya ta Runjin Sambo: Ku tsaya in ba ku labarin da kakarmu ta kan ba mu, Allah shi jiƙanta, don ita ba ta yarda a yi wagga magana da baki wofi ba. Tac ce wani gida ne mai mata ukku. Ran nan maigida ya dawo daga fadama, anka kawo mishi ruwa daga randa, yak kurɓa yaj ji tsami. Uwargida tac ce ruwa ba ya tsami banza, ta kalli ɗakin amarya. Ta tsakiya tac ce ai ita ma ta ga amarya kusa da randa da assalatu. Kafin azahar unguwa ta ɗauka an zuba wa maigida magani. Amarya ta yi rantsuwa, ta yi kuka, anka aika a kira waliyyinta. Sai tsohuwar gidan, uwar maigida, tac ce kowa shi tsaya. Ta sa anka juye randar tsakar gida gaban kowa. Mi za a gani? Curin gumba kwance a gindi, ya jiƙe ya kwana biyu. Wani ɗan yaye ne yaj jefa shi. Kakarmu ta kan ce, mai wagga magana in da gaske yake, randa yake leƙawa, ba fuskar mutane ba.

Malam na Gidan Igwai: Madalla Hajiya. Ga shi nan, sanadi.

Bagobiri: A'a Malam, labarin Hajiya ni ya ba gaskiya. Wa ya fara faɗin maganar? Uwargida. Ina ta kalla? To.

Inna Mai Koko: Kwana biyu kam ya isa, in da zafi. Gero in an jiƙa shi a bazara kwana ɗaya zuwa biyu ya fara tsami, da hunturu sai ya kai uku. Amma Hajiya, a gidan da ake wanke randa kullum ba za a kai haka ba. Laifin mai girki ne, ko wace ce.

Ɗan Kanwuri: Ni dai akwai hazon da Injiniya bai lissafa ba. Wanda ke sauko wa wasu wakilai washegarin zaɓe, su daina ganin hanyar mazaɓarsu, ba ya washewa sai bayan shekara huɗu. Mata na tafiya mai nisa neman ruwa, rijiyar burtsatsen da aka buɗe da kaɗe-kaɗe ko wata uku ba ta yi ba.

Bagobiri: Wannan randar in an juye ta ba gumba za a gani ba.

Basarke: Ku bar siyasa. Injiniya ya bar iri guda, wanda muke da shi nan gida. Da asubar hunturu ku je gulbin Rima ko madatsar Goronyo, za ku ga ruwa na hayaƙi. Wannan kishiyar na teku ne: ruwan ne ke da ɗumi, iskar ke da sanyi, tururi na tashi sanyi na kama shi. Bai cika wuce tsayin mutum ba, rana na ɗagawa ya tafi. Mai jirgi dai ya rage sauri ya bi gaɓa, ya riƙa buga filafili a jikin jirgi don na gaba ya ji.

Injiniya na Mabera: Haka ne, kuma manyan jirage ma da kunne suke taimakon na'ura. Dokar kauce wa karo a teku ta 1972 ta ce jirgi mai inji da ke tafiya cikin hazo ya yi doguwar busa ɗaya, ta daƙiƙa 4 zuwa 6, kada tazarar ta wuce minti 2. In ya tsaya cak busa biyu. In ya jefa anga, ƙarfen da ke riƙe jirgi wuri ɗaya, sai kaɗa ƙararrawa kowane minti. Inda ake samun matsala shi ne matuƙi ya dogara da rada, na'urar da ke nuna masa jirage daga nesa, ya ƙi rage gudu. A 1956 jiragen Andrea Doria da Stockholm sun yi karo cikin hazo kusa da gaɓar Amurka, alhali dukkansu suna da rada. Ɗan Marina, ka ce wa Alhaji ya nemi sunan jirgin da ranar da ya iso. In hazo ne, ba shi kaɗai ya tsayar ba.

Ɗan Marina: Zan faɗa masa. Amma har yanzu ban san ko ƙaramin yana da hurumin yin fushi ba.

Inna Mai Koko: Hajiya ba ki ce mana ba, ɗan yayen na wace ce cikinsu?

Hajiya ta Runjin Sambo: Na uwargida ne.

Bagobiri: To Malam, ina jiranka.