Kemistirin muhalli ga ɗaliban da ba 'yan kimiyya ba: ta ina zan fara?

Sabon Malami:

Assalamu alaikum malamaina. An ba ni darasin share fage kan kemistirin muhalli, mako 12, awa biyu a mako. Ɗaliban 'yan aji ɗaya ne daga shari'a, aikin jarida da harsuna, kuma yawancinsu rabonsu da kemistiri tun ƙaramar sakandare. Sun haura ɗari, ɗakin gwaji kuma ba namu ba ne. Da me zan fara, me zan bari, kuma wane gwaji ne zai yiwu a cikin aji da kayan da za a samu a Kurmi ko Sabon Gari?

Mai Gwajin Ruwa:

Wa alaikumus salam Malam. Kada ka fara da ƙwayar zarra da teburin sinadarai, za ka rasa su tun makon farko. Abin da lauya ko ɗan jarida ke buƙata shi ne a miƙa masa takardar sakamakon gwajin ruwa ya karanta ya gane ko an ƙetare iyaka. Don haka mako biyun farko ka ba ma'auni.

Miligiram ɗaya a lita ɗaya ta ruwa shi ne ppm ɗaya, wato kashi ɗaya cikin miliyan. Ka nuna musu da ido: cokalin shayi na gishiri, kamar giram 5, a tankin lita 5,000, ppm ɗaya ke nan. Sai ka rubuta iyakokin Hukumar Lafiya ta Duniya a allo: dalma 0.01 a lita, kuromiyam (ƙarfen da kamfanonin jimar fata ke aiki da gishirinsa) 0.05, naitiret (sinadarin da ke shiga ruwa daga taki da masai) 50, duk a miligiram. Su lissafa da kansu cewa jarkar mai ruwa ta lita 25 ba a yarda dalmar cikinta ta wuce rubu'in miligiram ba. Daga nan labarin gubar dalma ta Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma saboda niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, zai shiga musu da ma'ana.

Akwai tarko a naitiret. Wasu ɗakunan gwaji suna rubuta shi a matsayin naitiret, wasu a matsayin naitirojin ɗin da ke cikinsa. 50 na farko daidai yake da kusan 11 na biyu. Wanda bai duba ba zai ga 20 ya ce lafiya lau, alhali ruwan ya kusa ninka iyaka.

Gwajin pH, wato ma'aunin da ke nuna ko ruwa ya karkata ga tsami ko ga kanwa, kuma zoɓorodo ya ishe ka. Jiƙa tafi ɗaya a ruwan ɗumi, ban da sukari da citta, ka tace. Zuba a kofuna masu garau guda huɗu: ɗaya a matsa lemon tsami, ɗaya ruwan tsamiya, ɗaya jiƙaƙƙiyar kanwa, ɗaya ruwan toka. Masu tsami za su yi ja wur, na kanwa da toka su koma kore mai duhu. Inda ake samun matsala shi ne idan jiƙon ya yi kauri. Zoɓorodo kansa mai tsami ne ƙwarai, sai ya cinye ƙarfin kanwar launin ya ƙi juyawa. Ka sirka shi har ya zama ruwan hoda kafin ka fara. Ka kuma nanata musu cewa tazarar lamba ɗaya a pH ninki goma ce, wato 4 ya fi 6 tsami sau ɗari. Ƙa'idar ruwan sha a Najeriya 6.5 zuwa 8.5 ce.

Malama daga Gwale:

Na yarda da tsarin nan, Malam, amma a ƙara gwajin alif, domin shi ne yake warware ruɗanin da ya fi yawa a gidajenmu, cewa ruwa in ya yi garau ya sha.

Narka giram 10 na alif a lita ɗaya, kowane mililita ya zama yana ɗauke da miligiram 10. Cika gora shida masu lita ɗaya da ruwan kududdufi guda. Bar ta farko haka, sauran ka sa mililita 1, 2, 3, 4, 5 da sirinji. Jijjiga da ƙarfi minti ɗaya, juya a hankali kamar minti 15, sannan a ajiye rabin awa kada kowa ya taɓa. Ɗalibai za su ga laka tana haɗuwa gudaji-gudaji kamar kindirmon da ya tsinke tana sauka ƙasa. Idan aka ci gaba da jijjigawa da ƙarfi gudajin farfashewa suke yi, ruwan ya koma gidan jiya. Alif kuma yana ƙara wa ruwa tsami, shi ya sa wanda aka cika masa ba lalle ya fi kyau ba, kuma shi ya sa matatun ruwa suke gyara pH da farar ƙasa. In ka samu izinin kai su matatar Tamburawa, za su ga abin da suka yi a gora ana yin sa a manyan kwatarniyoyi, sai tacewa ta yashi, sai kulorin.

Bayan nan ka tambaye su: wannan ruwan ya shawu? Bai shawu ba. Alif yana rage ƙwayoyin cuta tare da laka amma ba ya kashe su. Kulorin ke kashewa, shi ma sai ruwan ya kwanta, pH bai kai 8 ba, an kuma ba shi minti 30, sannan a auna a ga saura miligiram 0.2 zuwa 0.5 na kulorin a lita. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma dalma da naitiret suna nan, ƙara kauri ma suke yi tunda tururi ne ke tafiya. Wannan ya shafi cikin gari kai tsaye, inda rijiya da masai suke tsakar gida ɗaya alhali tazarar da ake so mita 30 ce. Jarirai 'yan ƙasa da wata shida da ake dama wa madarar gwangwani da irin wannan ruwa su ne a gaba wajen cutuwa, don naitiret yana hana jininsu ɗaukar iska har leɓɓansu su yi shuɗi. Mata rabin ajinka ne, wannan darasin kada ya wuce su.

Injiniyan Sharaɗa:

Ranka ya daɗe, ka ware mako biyu ga jimar fata, don babu garin da ya fi Kano dacewa da wannan babi. Majeman gargajiya da bagaruwa suke aiki. Kamfanonin Challawa, Sharaɗa da Bompai kuwa gishirin kuromiyam suke amfani da shi. Ruwa iri biyu ke fitowa: na cire gashi, mai farar ƙasa da salfaid, pH ɗinsa wajen 12, da na jimar kanta, mai tsami mai launin shuɗi-kore. Idan suka haɗu a kwata ɗaya, tsamin yana sakin iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda in ta yi yawa a rufaffen rami take kashe hancin mutum ya daina jin ta, sannan ta kashe shi. Gyaran a raba magudanan, a ɗaga pH na ruwan kuromiyam zuwa tsakanin 8 da 9, sai ya kwanta kamar laka a kwashe a sake amfani da shi. Ɗan jarida ya kuma san cewa kuromiyam iri-iri ne da ake bambanta su da lamba: na jima mai lamba uku ne, wanda ke jawo cutar daji mai lamba shida ne, kuma ƙona yankakkun fatun da aka jeme na iya mai da na farko na biyu. Daga nan ka bi ruwan Getsi daga Bompai zuwa Jakara har madatsar Wasai, a tattauna lambunan da ake ban ruwa a hanya.

Iska kada ta zama ta ƙarshen zango da za a yi a gurguje. Janareta a soro ko kusa da taga yana fitar da kabon monoksaid, ba launi ba wari, kuma jini ya fi kama shi a kan oksijin fiye da sau 200. Gawayi a ɗakin da aka rufe lokacin hunturu haka yake yi. Ramin ozon, wato ɓulewar rufin iskar sama da ke tace hasken rana mai cutarwa, da ɗumamar yanayi kuma a raba su a fili, domin ɗalibai suna cakuɗa su: na farko iskar firji ta da ce ta jawo shi, wadda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta hana, na biyu kabon dayoksaid ne da ya tashi daga kusan ppm 280 kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 yanzu.

Sabon Malami:

Allah ya saka da alheri malamai. Saura jarrabawa: in sa daidaita lissafin sinadarai ko in bari?

Mai Gwajin Ruwa:

Bari. Ba su takardar sakamakon rijiyoyi uku da ka tsara da kanka, ɗaya mai naitirojin 20, ɗaya mai dalma 0.03, ɗaya mai ƙwayoyin cuta kawai. Su faɗi wacce tafasawa za ta gyara, wacce ba za ta gyaru a gida ba, da dalili. Mai karatun shari'a ya rubuta amsarsa kamar takardar ƙorafi, ɗan jarida kuma kamar rahoto mai kalma 200.