Teburin oak wai na 1620, ta ina ake gane na asali?

Ɗan_Gwanjo: Salam 'yan uwa. Akwai wani dogon teburin katakon oak da za a yi gwanjonsa nan Ingila, sun rubuta wai na wajen 1620 ne, zamanin Sarki James na ɗaya. Ƙafafu shida masu kumburi a tsakiya, ga sassaƙa ko'ina, baƙi ƙirin yana sheƙi. Ni dai hankalina bai kwanta ba, kyan ya yi yawa. Dan Allah wa ya san abin da ake dubawa?

Tsohon_Kafinta: Wa alaikumus salam. Yaro ka bar kallon samansa, ka durƙusa ka leƙa ƙasa, can ne mai jabu yake kasala. Da farko alamar zarto. A 1620 mutum biyu ke jan zarto da hannu, ɗaya a sama ɗaya cikin rami, saboda haka layukan ba sa tafiya daidai wa daida, in ka ga layi mai lanƙwasa kamar baka to zarton inji ne mai juyawa, shi kuwa sai ƙarni na 19 ya yaɗu. Sannan haɗin, a lokacin ba gam ke riƙe tebur ba, harshe ake fiƙewa a cusa cikin rami a buga ƙusar itace. Ƙusoshin nan tsaga su ake yi da hannu, ba sa zama zagaye sumul, kuma da shekaru katako na tsukewa sai ka ji kansu ya ɗan taso in ka shafa. In duk girmansu ɗaya sun kwanta lif, a yi hattara. Sukuru mai tsini irin na inji ma sai wajen 1850, amma shi kaɗai ba hujja ba ne, ƙila gyara aka yi daga baya. Ka duba sandunan ƙasa inda ake ɗora ƙafa, cinyewar ta fi yawa inda mutane ke zama, ba wai ko'ina daidai kamar an bi da sanfefa ba.

Uwar_Biyu: Baba ya faɗi gaskiya, amma fa ko duk wannan ya fito daidai ba a gama ba. Matsalar oak ɗin Ingila ita ce katako ya tsufa da gaske amma teburin yaro ne. A ƙarni na 19 Turawa suka haukace da son kayan zamanin Tudor (gidan sarautar da ya mulki Ingila kafin Sarki James), titin Wardour a Landan ya yi suna wajen haɗa "tsoffin kaya" daga allunan tsoffin gidaje da coci-coci da ragowar gadaje, a harhaɗa a shafa baƙi a sayar. Wani kuma teburin na asali ne amma ba ado, sai su sassaƙa masa furanni don ya yi tsada, shi ya sa sassaƙar nan da ka ce ta cika da baƙin nan suka fi damuna, tsohon oak da ya sha kakin zuma da hannun mutane launinsa ba ɗaya ba ne, wani wuri zuma-zuma wani wuri duhu. Abin da aka fi yi kuma shi ne aure, saman wani tebur ƙafafun wani. Ka sa a ɗaga saman in zai ɗagu, inda ya zauna kan firam ya kamata ya bar shaida mai haske daidai da firam ɗin, in ka ga ramuka da ba su da abokan haɗi a ƙasa to daga wani wuri ya zo.

Ɗan_Gwanjo: Na gode Baba, na gode Hajiya. To ramukan ƙwari fa? yana da su da yawa, na ɗauka alamar tsufa ce. Kuma ance akwai gwajin da ke faɗin shekarar katako.

Tsohon_Kafinta: Ƙwaro a ciki yake cin hanyarsa a karkace, ƙaramin rami kawai yake bari inda ya fita. In ka ga hanyoyin a buɗe a kwance kan fuskar allo, an yanka katakon ne bayan ƙwaron ya gama, wato tsohon allo aka sake sarrafawa. In kuma allura ta shige ramin sambal, da abin huji aka yi shi.

Uwar_Biyu: Gwajin ƙirga zoben itace ne, wato layukan zagaye da bishiya ke ƙarawa a cikinta kowace shekara, yana nuna lokacin da bishiyar ta rayu, ba ranar da kafinta ya haɗa tebur ba, kuma sai an sami bakin allo mai zobe da yawa. Gyaran ƙafa kam kar ya tsorata ka, yawancinsu danshin daɓen dutse ya cinye ƙasansu an yi musu ƙari. Ka nemi masu gwanjon su ba ka rahoton yanayinsa a rubuce da tarihin hannun da ya bi, kuma in kana kusa da Landan ka shiga gidan tarihi na Victoria da Albert ka ƙare wa na asali kallo kafin ranar, shiga kyauta ne.