Don Allah a ba ni shawara: ina so in rina mayafan teburi da kaina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Walimar ƙanwata saura sati 5, a nan Kano, kuma ni aka ɗora wa gyaran wuri. Tebura 12 ne. Mai kwalliyar da na tuntuɓa ta faɗa min kuɗin hayar mayafan teburi kaɗai, na ji kamar in zauna a ƙasa, abin da za a shimfiɗa na yini ɗaya a naɗe a mayar mata. Shi ne na ce bari in sayi farin yadi in rina, ko ba komai ya zama namu. Amarya shuɗi take so, ko ruwan hoda idan shuɗin bai samu ba. Na gwada da zoɓo a kan ƙyalle biyu. Ɗaya ya yi ja kyakkyawa, ina wanke shi da sabulu ya koma ruwan toka kamar tsohon tsumma. Ɗayan kuwa ko kamawa bai yi ba. Ina na kuskure? Kuma anya ban ɗauko abin da ya fi ƙarfina ba?

Wata uwa daga Gwammaja: Wa alaikumus salam 'yata. Ƙyallen da ya ƙi kamawa ba laifinki ba ne, roba ce a cikinsa. Rinin gida auduga yake kamawa. Kafin ki biya kuɗi a Kantin Kwari, ki roƙi mai shago ya yanko miki ɗan bakin yadin, ki fita waje ki sa masa ashana. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi da za ki murje da yatsa. Mai roba narkewa yake, ya dunƙule ya yi baƙin ƙullutu mai tauri, ga wari. Kada ki saurari "wallahi Hajiya kwatin ne zalla", ashana ba ta ƙarya. Ki nemi alawayyo ko akoko mai ɗan kauri, ba sai kin je ga shadda ba.

Mai ɗinki, Zariya: In ƙara a kan maganar Mama. Sabon yadi cike yake da sitaci, idan ba ki wanke shi da ruwan zafi da sabulu ba, rinin zai yi dabbare-dabbare. Kuma auduga tana tsukewa a wankin farko, don haka wanki kafin yanka, kada ki yarda a juya miki wannan tsarin. Ki auna teburin, ki ƙara kamar taƙi ɗaya ta kowane gefe. Idan yadi 2 ke rufe tebur ɗaya, 24 ke nan, ki sayi 26 saboda gwaji. Zaren dajiya ma ki lura, yawancin na kasuwa roba ne, zai fito fari fes a kan shuɗin. Ki bari sai an rina sannan a yi dajiyar da zare mai kalar.

Wata 'yar'uwa: Anti ki manta da zoɓo, na sha ne. Gangamau ma haka, rawayarsa kyau kamar me, amma rana tana cinye ta. Ɓawon albasa ya fi su riƙo idan an fara jiƙa yadin a ruwan bagaruwa sannan ruwan alif, sai dai ruwan zuma zai ba ki, ba shuɗi ba. Kuma ina za ki tara ɓawon da zai rina yadi 26 cikin sati 5?

Mai sana'ar rini: Ƙanwata, shekarata ta 8 ina wannan aiki a tsakar gida, bari in gaya miki yadda yake. Masu sayar da kayan rini za su ba ki abu 3: garin kala, soda da haidiro, wato farin garin da ke sa kalar ta narke ta shiga yadi. Sodar nan ba ta girki ba ce, tana cin fata, ɗigo ɗaya a ido babbar magana ce. Safar hannu ta roba mai tsawo, takunkumi, a fili inda iska ke kaɗawa, yara kuma a kai su maƙwabta. Sodar ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a kwara mata ruwa a kai. Kada ki haɗa a tukunyar alminiyam, soda tana cin ta, babbar robar wanki za ki samu, kuma daga ranar ta bar ɗakin girki.

Ki tsoma yadin yana jiƙe, kina juya shi a ƙarƙashin ruwan ba tsayawa. Idan kin ɗaga za ki gan shi kore-kore ko rawaya-rawaya, kada gabanki ya faɗi, iska ce ke fito da ainihin kalar, kina kallo zai juye shuɗi. Jiƙaƙƙen yadi kuma ya fi busasshe duhu, sai gwajin ya bushe za ki yanke hukunci. Abin da ya fi ba sababbi wahala shi ne daidaita kala: na farko ya sha rini ya yi duhu, na ƙarshe ya fito fayau. Shi ya sa nake cewa ki yi ɗauri. Ki ƙulle wurare da zaren buhu ko robar ɗaure kuɗi, ya fito da zobba farare. Da zane a jiki, ba mai lura cewa teburi na 3 ya fi na 9 duhu.

Wani ɗan'uwa: Hajiya, ni tambayata ɗaya: kina Kano, shuɗi kike so, me ya hana ki zuwa marinar Ƙofar Mata? Ana cewa tun 1498 ake rini a wurin, da baba da toka da kanwa a cikin rijiyoyi. Ki kai yadinki, ki nuna duhun da kike so, yawan tsomawa ne ke ƙara shi. Akwai matan da ke yin ɗaurin, ga mabuga nan kusa su buge miki shi ya yi sheƙi. Ki tambayi farashi kafin ki sayi soda, ki haɗa da kuɗin safar hannu da roba da ruwan da za ki saya wurin 'yan garuwa, ki ga wanne ya fi.

Wata 'yar'uwa daga Maraɗi: Ko wanne kika zaɓa, ki ɗauraye har ruwan ya fito garau, ya bushe a inuwa, sannan ki jiƙa farin ƙyalle ki goga da ƙarfi. Mu a sunan ɗan yayata ba mu yi haka ba. Ruwan sanyi ya yi gumi a kan teburi, wata baƙuwa ta jingina da farin leshi, ta tashi da shuɗi daga gwiwar hannu har wuyan hannu. Har yau idan mun haɗu gaisuwar a taƙaice take. Baba na gargajiya ma yana zuba a farko, kada ki ce don na marina ne.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Na sa wa ragowar ƙyallen nan ashana, ya narke kamar leda, Mama kin yi gaskiya. Sodar ce ta ba ni tsoro, gidanmu yara 6 ne kuma tsakar gidan ba faɗi. Ranar Asabar zan sayi yadi 2 kawai, in yi ɗaurin da kaina in kai Ƙofar Mata, in ga kala da farashi kafin in sayi sauran. Yaya mai rini, zaren buhun a jiƙe ake ɗaurawa ko a bushe?