Ɗana na son koyon harbin gasa, ta ina za mu fara?

Tela daga Garwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun wasannin Olamfik na Faris a 2024 ɗana ya hana ni sakat. Ya ga Baturken nan Yusuf Dikeç, hannu ɗaya cikin aljihu, ya ci azurfa yana ɗan shekara 51, shi ke nan ya ce harbin gasa zai koya. Yaron yana lise, wato makarantar sakandare, kuma hannunsa ba ya rawa. In zare ya ƙi shiga allura shi nake kira. Ina son taimaka masa, amma da na ji an ce bindiga gabana ke faɗuwa. Wasan iri nawa ne, da me ake farawa?

Tsohon malamin motsa jiki, Ngaundere:
Wa alaikumus salam, Malam. Wadda Dikeç ya riƙe ba ta cin albarushi, iska ce ke tura 'yar ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5. Daga nisan mita 10 ake harbi, a tsaye, da hannu ɗaya, sau 60 cikin minti 75. Tsakiyar allon da ke ba da maki goma milimita 11.5 ce, kamar maɓallin rigar da kake ɗinkawa. Akwai ta mita 25 da harsashi na gaske, inda maza ke harbin allo biyar cikin daƙiƙa 8, sannan 6, sannan 4. Ta mita 50 an cire ta daga Olamfik bayan 2016.

Da ta iska kowa ke farawa, kuma rabin aikin ba ya buƙatar bindiga. Dokar gasa ba ta yarda nauyinta ya wuce kilo ɗaya da rabi ba. Don hannu ya saba da nauyi, yaron ya zuba ruwa rabin gorar lita ɗaya da rabi, ya miƙa hannu, ya tsaya cak na rabin minti, ya sauke, ya sake. A hankali ya riƙa ƙara ruwan. Ranar da ya sami mai horarwa zai ji abin da ke ba sababbi wuya: ido kan saitin bakin bindiga yake tsayawa, allon ya ɗan dushe, yatsa kuma ya matsa kunama sannu a hankali, ba fizga ba.

Wata uwa daga Marwa:
Malam, don Allah kada ka sayo masa komai a kasuwa, ko da ta iska ce. Ka san halin tsaro a nan arewacin Kamaru. Jandarma ba zai tsaya tambayar ta wasa ce ko ta gaske ba. Ka fara zuwa ofishin wasanni na yankinku, a faɗa maka hanyar izini da inda ake horo a hukumance.

Ɗan Kuseri:
Baba, ka sa ido kan shayinsa. Mai kaurin nan yana sa bugun zuciya ya hau, kuma a hannu ake ganinsa.

Tela daga Garwa:
Na gode ƙwarai. Hajiya, na ji maganarki, ranar Litinin zan je ofishin. Gorar kuwa tun jiya da magariba ya fara ɗagawa a bayan shago.