Tanda ɗaya, wuta ɗaya, amma wani shafin ya fito garau wani ya dushe

Mai tanda a Naraguta: Salamu alaikum 'yan sana'a. Na gasa kofuna a tanda ɗaya, na kai wuta wajen digiri 1250, na toshe ƙofa na bar shi ya huce da kansa. Waɗanda na shafa wa haɗin felsfa (wani ma'adinin dutse) da kawolin (farin yumɓu), wato shafin da ke narkewa a wuta ya zama gilas a jikin kofi, sun fito garau. Waɗanda na ƙara wa tokar itace da yawa kuwa sun dushe, in ka shafa sai ka ji kamar ɓawon ƙwai. Wa ya taɓa cin karo da haka?

Hajiya mai koyar da ginin yumɓu, Rayfield: Wa alaikumus salam, Malam. Ni ma toka ce ke min haka. Amma lura da wannan: da hunturu, in iskar Jos ta sa tandana ya huce da wuri, haɗin tokar nan sai ya fito da ƙyalli. In na toshe ko'ina ya kwana da zafi, sai ya dushe. Na felsfa kuwa ko a jikinsa.

Malamin kimiyya: Hajiya ta kama bakin zaren. Toka cike take da kalsiyam, shi kuma yana tsinka narkakken gilas har ƙwayoyinsa su samu damar jeruwa su zama kiristal. Su ne ke warwatsa haske, shi ya sa shafin ke dushewa. Kawolin kuwa alumina ke cikinsa, tana sa narkakken ya yi kauri, motsi ya gagara. Hucewa a hankali lokaci kawai take bayarwa. In haɗin bai yarda ba, ko kwana nawa ka jira ba za ka ga komai ba. A masana'anta da gangan ake yi. A 1953 tanda ya zarce wa Donald Stookey na kamfanin Corning a Amurka, daga wajen digiri 600 zuwa 900, gilashinsa ya koma fari mai taurin tsiya. Yau ana zuba titaniya ko zakoniya kaɗan su zama iri, kiristal ya tsiro ko'ina lokaci guda. Baƙin saman murhun lantarki da ba ya tsagewa da zafi, haka ake yin sa.

Ɗan Bukuru: Allah ya gafarta Malam, ai irin nan a ƙofar gidanmu yake. Yashin da aka bari bayan wankin kuza akwai ma'adinan zakon (mai ɗauke da zakoniya) da ilmenait (mai ɗauke da titaniya). Na gwada duka. Zakon niƙaƙƙe, wajen kashi 10 cikin ɗari, ya ba ni fari fat. Baƙin yashin ilmenait da ban niƙa ba ɗigo-ɗigo kawai ya yi. Sai dai a yi hattara, yashin nan yakan zo da monazait mai fitar da radiyeshan. Ban da shaƙar ƙurarsa, ban da shafa shi a kwanon abinci.

Wata daga Tudun Wada: Ni furannin kiristal manya nake nema. Zink wajen kashi 25, kawolin kusan babu, sai in tsayar da wuta kusa da 1100 na wasu awanni. Suna fitowa kuwa, shuɗaye in na sa kobalt. Kuɗin gas ne dai ke ci na, ga shi shafin yana zuba sai na sa faranti a ƙasa.

Mai tanda a Naraguta: Na gode ƙwarai. Hajiya, kina wanke tokarki kafin ki haɗa, ko tankaɗewa kawai kike yi?