Fuskar hali da haɗin ƙyalle: kalmomi biyu da nake so mu tsayar

Jama'a, teloli da malaman harshe, ku matso kusa. Masu zayyana tufafi a ƙasar Sin suna ɗauko fuskokin 'yan wasan opera na Beijing, wato wasan kwaikwayon gargajiya mai waƙe-waƙe, su ɗora a bayan jaket ko a ƙirjin riga, wani lokaci da surfani, wani lokaci da ƙyallaye masu launi da aka yanka aka haɗa. Kalmomi biyu ne ke yi mana cikas idan mun zo bayaninsa da Hausa.

Ta farko ita ce lianpu, sunan da Sinawa ke kiran waɗannan fuskokin. Turawa sukan kira shi mask, mu kuma sai mu bi su mu ce "abin rufe fuska", wasu har su ce "takunkumi", kalmar da ta yaɗu lokacin korona. Duka biyun ba su dace ba. A wasan Beijing galibi ba a rufe fuska. Fenti ne ɗan wasa ke shafawa a kan fatarsa, tun daga goshi har haɓa. Wasan ya samo tushe a 1790, lokacin da ƙungiyoyin 'yan wasa daga lardin Anhui suka je Beijing bikin cikar Sarki Qianlong shekara 80, kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2010.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne aikin fentin. Ba ɓoye mutum yake yi ba, tona shi yake yi. Ja na mai amana ne da jarumta, irin jarumin yaƙi Guan Yu. Baƙi na mai gaskiya ne da ba a lanƙwasa shi, irin alƙali Bao Zheng. Fari fat na maƙetaci ne, shi ya sa Cao Cao, wani shugaban yaƙi da wasan ke nunawa a matsayin mugu, ke fitowa da shi. Ruwan zinari da azurfa na aljanu ne da abubuwan bauta. Kafin ɗan wasa ya buɗe baki, 'yan kallo sun riga sun san da wa suke tare.

Don haka nake ba da shawarar fuskar hali. Na auna "zanen fuska", amma kunnen Bahaushe tsaga zai ji, irin ta Gobirawa ko Kabawa. "Kwalliya" kuma ado ce kawai. A bar "abin rufe fuska" ga wasan lardin Sichuan na Sin, inda ake sa fuskokin siliki kashi-kashi ana fizge su ɗaya bayan ɗaya cikin ƙiftawar ido.

Ta biyu ita ce patchwork, kalmar Turanci ta ɗinkin da ake haɗa ƙyallaye daban-daban. Nan ma wasu za su ce ai muna da faci, muna da maho. Wallahi ba na yarda. Faci gyaran abin da ya yage ne, kuma babu wanda zai biya kuɗi mai tsoka a ce masa rigarsa ta faci ce. Abin da Sinawa ke yi da gangan ne. Akwai baijiayi, rigar gida ɗari: uwa ta bi maƙwabta da dangi tana karɓar ƙyalle, ta haɗa wa jaririnta riga don albarkar gidajen ta bi shi. Akwai kuma shuitianyi, wadda mata suka yi yayinta a zamanin daular Ming, ƙyallayenta a jere kamar gonakin shinkafa, asalinta daga mayafin malaman addinin Buddha. 'Yan uwanmu na Sudan sun san irin wannan daraja, domin jibbar Ansar, mabiya Mahadi, da ƙyallaye aka ƙawata ta, alamar gudun duniya.

Haɗin ƙyalle nake so mu ce. Kowane tela ya san ƙyalle, ga shi nan jibge a ƙarƙashin kekensa, kuma "haɗi" na nuna niyya da tsari. Yana da sauƙi a baki: "Maigida, a yi mini jaket ta haɗin ƙyalle, a sa fuskar hali a baya."

Sai dai telan da ya ji wannan odar, ya tambayi wace kala ake so kafin ya sa almakashi. Idan mai riga ya zaɓi fara don ta fi haske, a gaya masa cewa a wurin Basine fuskar Cao Cao ce zai goya a bayansa.