Bonar oban ɗina na yin hayaƙi in ta shiga wuta ta biyu

Mai Burodi Bukuru:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu harkar bona, wato injin da ke hura wa oban gasa burodi wuta, ku taimaka min. Na sayi oban tokunbo mai amfani da dizal na kafa a gidan burodina nan Bukuru, bonar irin mai wuta biyu ce. In ta tashi lafiya lau wuta fes, amma ba a jimawa sai ka ji ƙas, ƙararta ta ƙaru, sai baƙin hayaƙi ta bututu har maƙwabta sun fara magana. Wani makaniki ya ce a cire wayar wuta ta biyun kawai wai ma zan samu sauƙin mai. Ni dai hankalina bai kwanta ba, wutar ta biyu meye amfaninta, kuma me ke auna man da take sha?

Injiniyan Boila Abuja:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kar ka bari a cire wayar nan tukuna. Ka ga in oban ya nemi zafi moto ɗaya ne ke juya fanka da famfon mai tare, fankar za ta fara hura iska zalla ta kori duk wani tururin mai da ya rage a ciki, sai taransfoma ta ba da tartsatsi, sannan bawul na farko mai aiki da lantarki, solenoyid, ya buɗe mai ya fita ta nozul, wato ɗan bakin da ke fesa shi, kamar feshin turare ya kama. Akwai ɗan ido da ake ce wa fotosel yana kallon wutar, in bai ganta ba cikin sakan 5 zuwa 10 sai akwatin kwantirol ya kashe komai jar fitila ta kama.

Wannan ƙas da kake ji solenoyid na biyu ne. Wasu bona nozul biyu gare su, na biyun ya buɗe ya ƙaru a kan na farko, wasu kuma nozul ɗaya ne amma famfon ke ɗaga matsi, irin famfon Suntec ko Danfoss masu matsi biyu. Man da take sha kuwa abu biyu ne kawai ke yanke shi, girman nozul da ƙarfin matsin famfo. Lambar da ke jikin nozul galan ɗin Amurka ne a awa ɗaya a kan matsin bar 7 (bar ma'aunin matsi ne), galan ɗaya lita 3.785, to nozul mai lamba 2.00 kusan lita 7 da rabi kenan a awa, in aka kai famfo bar 12 sai ya koma kusan lita 10. Kuma ko ka ninka matsi biyu man ba zai ninka ba, wajen kashi 41 cikin 100 ne zai ƙaru.

Inda matsalarka take shine iska. Mai in ya ƙaru dole ƙofar iska ta ƙara buɗewa a lokaci guda, a wasu bona na kamfanin Riello wani ɗan jak ne man da kansa ke turawa ya buɗe ta, a wasu kuma ƙaramin moto ne. In jak ɗin ya cije ko saitinsa ya yi ƙasa, mai ya yi yawa iska ta yi kaɗan, hayaƙi kenan. Wannan baƙin da kake gani kuɗinka ne ke fita ta bututu wallahi.

Ɗan Dilimi:
Oga Injiniya ya gama magana, abu ɗaya zan ƙara da mutane ke mantawa. Jos fa a kan tudu muke, sama da mita 1,200, iskarmu ba ta kai ta Legas kauri ba, fanka tana juyawa yadda ta saba amma iskar da ke shiga ta ragu da fiye da kashi 10 cikin 100. Bonar da aka saita a Turai ko Legas in ta zo nan sai an sake mata saiti, ko a ƙara buɗe iska ko a sa mata nozul na biyu ƙarami. A wuta ta farko ba ka gani saboda akwai rarar iska, a ta biyu ne asiri ke tonuwa. Ga kuma ƙurar hunturu da garin fulawa da ke manne wa fikafikan fanka, ka sa a buɗe a goge, da filta ma.

Mai Burodi Bukuru:
Allah ya saka da alheri, yanzu na gane. To amma Injiniya in na zauna a wuta ɗaya ɗin ba zan rage shan mai ba?

Injiniyan Boila Abuja:
Ba lallai ba Alhaji. Zafin da burodi ke buƙata shine dai, in wutar ƙarama ce sai ta daɗe tana ci, kuma duk sanda ka buɗe ƙofa ka zuba sabon kwaɓi zafi zai faɗi ya ƙi dawowa da wuri, burodin ya bushe bai yi kala ba. Ta biyun ita ke ɗaga zafi da sauri, ta farko ta riƙe shi ba sai bona tana kashewa tana kunnawa kullum ba. Ka samo wanda ke da gejin matsi ya ɗaura a famfo ya karanta, ba mai saiti da ido ba. Sannan in jar fitila ta kama ka gaya wa yaranka kar su dinga danna riset a kai a kai, sau ɗaya ko biyu ya isa, don duk dannawa mai ne ke taruwa a ciki kuma ranar da ya kama gaba ɗaya zai iya cilla ƙofar.

Mai Burodi Bukuru:
Innalillahi, yaran nan kuwa har sau biyar suke dannawa da asuba. Bari in je in same su yanzu, gobe in sha Allahu zan turo lambobin da ke jikin nozul ɗin.